Mujiyar da ke Zama Cikin Rami

Tambaya: Na ga wani bidiyo na wata ƴar ƙaramar mujiya mai dogayen ƙafafu tana tsaye a bakin rami da rana tsaka, alhali mun taso mun san mujiya da yawon dare da kwana a kogon bishiya ko kango. Shin mujiya ce ta gaske, kuma ita ce ke haƙa ramin?

Amsa: Mujiya ce ta gaske, masana kimiyya na kiranta Athene cunicularia, kuma a nahiyar Amurka kaɗai ake samunta, tun daga filayen ciyawa na yammacin Kanada har ƙarshen kudancin Ajantina. Wani masani ɗan ƙasar Chile mai suna Juan Ignacio Molina ne ya fara bayyana ta a rubuce a shekarar 1782. Tsawonta bai fi santimita 19 zuwa 28 ba, nauyinta kuma kimanin giram 150, wato ko tantabara ta fi ta nauyi. Tana fitowa da rana, musamman lokacin da take kiwon ƴaƴa, amma yawancin farautarta da almuru da asuba take yin ta.

Batun haƙa rami ya danganta da wurin da take. A yammacin ƙasar Amurka da Kanada galibi ba ta haƙa, sai ta gaji ramin da wasu dabbobi suka bari, musamman dangin kurege da ke zama gari guda a ƙarƙashin ƙasa, ta ɗan gyara shi. Ta jihar Florida kuwa, inda ƙasa ke da rairayi, da ƙafafunta da bakinta take haƙa nata, kuma ramin kan kai mita 2 zuwa 3 kafin a isa ɗakin ƙwai. A ganina, wanda ya fahimci ramin ya fahimci tsuntsuwar, domin kusan duk ɗabi'unta daga nan suka samo asali. Dogayen ƙafafun da ka gani su ne ke ba ta damar hango nesa a fili mai gajeriyar ciyawa, da kuma bin fara da gyare a guje a ƙasa, jikinta kuma yana jure gurɓatacciyar iskar cikin rami fiye da na yawancin tsuntsaye.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne yadda take kwaso kashin shanu da na dawaki ta baza a bakin raminta. An daɗe ana zaton ɓoye warin ƴaƴanta take yi don kada maƙiya su shinshino su, sai a shekarar 2004 masu bincike a Jami'ar Florida suka nuna cewa kashin yana jawo buzuzu, kuma mujiyoyin da ke da kashi a ƙofarsu sun fi waɗanda aka kwashe musu cin buzuzu nesa ba kusa ba. Tarko ne ke nan ta ɗana, ta tsaya a gefe tana jiran abinci ya kawo kansa. Ban da ƙwari, tana kama ɓeraye da ƙadangaru da kunamu, kuma idan abinci ya yi yawa takan tara ragowar a cikin ramin.

Macen kan saka ƙwai 4 zuwa 12, ta kwanta a kansu kusan kwana 28 zuwa 30, namijin yana kawo mata abinci. Idan wata dabba ta leƙa ramin, ƴaƴan sukan yi wani huci mai kama da ƙarar macijin nan na Amurka mai kacau-kacau a wutsiya, kuma da yake shi ma macijin yana fakewa a irin waɗannan ramuka, mai leƙen yakan ja da baya.

Dogaro da ramin wasu shi ne kuma rauninta. Manoma da makiyaya sun daɗe suna kashe dangin kurege da guba, an mayar da filayen ciyawa gonaki da unguwanni, don haka ramukan suka ragu. Tun 1995 Kanada ta sanya ta cikin tsuntsayen da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma a wasu wurare yanzu ana binne bututu da akwati a ƙasa don a samar mata ramin wucin gadi, wanda take karɓa ta yi ƙwai a ciki.