Maigidana Ɗan Sudan Ne, Katin Zamansa Ya Kusa Ƙarewa

*Assalamu alaikum, Barista. Ni haifaffiyar birnin Zazzau ce, gidanmu yana wajen Ƙofar Doka, yanzu ina aure a Tudun Wada. Maigidana ɗan Sudan ne. Ya zo Najeriya a 2014 yana koyar da Larabci a wata makaranta mai zaman kanta, aka ɗaura mana aure a 2016, Allah ya ba mu 'ya'ya uku. Makarantar ce take sabunta masa katin zama, to yanzu sun ce ba za su iya ci gaba ba, saura wata biyar katin ya ƙare. Ga yaƙi a ƙasarsu, babu inda zai koma. Matar yayana 'yar Kamaru ce, ta sami takardar zama 'yar ƙasa ta dalilin aure, shi ne ake ce min Malam ma haka ne tunda ni yake aure. Akwai kuma wanda ya ce mu ba shi kuɗi ya fito masa da takardar ƙaramar hukuma, a wuce wurin. Don Allah me doka ta ce? Yarana kuma mene ne matsayinsu? Ba na iya barci.*

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya kawo sauƙi, ya zaunar da ƙasar Sudan lafiya.

Bari in fara da yaran, don hankalinki ya kwanta kafin mu shiga inda ke da wuya. 'Ya'yanki uku 'yan Najeriya ne na haihuwa. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda aka haifa a ƙasar nan bayan samun 'yancin kai, kuma ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne. Uwa ta isa, ba lallai sai uba ba. Ko a Khartoum kika haife su, hukuncin bai canza ba. Idan kuma wata rana kika je karɓar musu takardar asalin ƙaramar hukuma aka ce miki ɗa uba yake bi, ki sani sashe na 318 ya fassara ɗan jiha da wanda ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ya fito daga al'ummar da ke da asali a jihar. Ke 'yar Zazzau ce, su ma 'yan jihar Kaduna ne ta tsatsonki. Ki tabbatar kowane ɗayansu yana da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da sunanki a rubuce daidai yadda yake a katinki, harafi da harafi.

Maganar Malam kuwa, ba zan ɓoye miki ba: aurenku bai mayar da shi ɗan ƙasa ba, kuma bai buɗe masa ƙofar da ta buɗe wa matar yayanki ba. Sashe na 26 ya ba "mace" da take aure, ko ta taɓa aure, da ɗan Najeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa. Mace kawai aka ambata. Ko mijin ya rasu, ko sun rabu, damarta tana nan. Namijin da ya auri 'yar Najeriya ba a sa shi a ciki ba. A watan Maris na 2022 an kai ƙudurin gyara wannan sashe gaban Majalisar Tarayya tare da wasu ƙudurori da suka shafi mata, 'yan majalisa suka ƙi amincewa, mata suka kwashe kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisar, gyaran kuma bai shiga kundin ba. Ni a ganina wannan rashin adalci ne ƙarara. Ke da yayanki ciki ɗaya kuka fito, gida ɗaya kuka tashi, amma doka ta ɗauki aurensa da wani nauyi, ta ɗauki naki da wani. Sai dai ba za mu tsaya jiran majalisa ba alhali wata biyar ke hannunmu.

Akwai hanyar da ta dace da halin da kuke ciki, mutane da yawa ba su san da ita ba. Sashe na 32 ya ba shugaban ƙasa ikon tsara ƙa'idojin ba mijin ko matar ɗan ƙasa matsayin baƙo na musamman, tare da cikakken haƙƙin zama. A ofis za ki ji suna ce masa SIS. Wannan ba takardar zama ɗan ƙasa ba ce: Malam ba zai riƙe koren fasfo da ita ba, ba zai jefa ƙuri'a ba. Amma za ta raba zamansa da wurin aikinsa, ainihin ciwon kuma ke nan. A yanzu katinsa, wanda ake kira CERPAC, yana rataye ne da gurbin ma'aikatan ƙetare da gwamnati ta ba makarantar. Ranar da makaranta ta janye hannu, igiyar ta tsinke. Idan ya sami matsayin baƙo na musamman, dalilin zamansa ya koma aurenku.

Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Tarayya ce ke duba wannan buƙata, a sashenta na harkokin zama ɗan ƙasa a Abuja, ana kuma shigar da ita ta shafin ma'aikatar na intanet. Ke ce ginshiƙin neman, domin da matsayinki na 'yar ƙasa ake dogara. Ki fara tara takardu tun yau: fasfonki ko katin shaidarki na ƙasa, takardar asalinki ta ƙaramar hukumar Zariya, fasfon Malam da katin zamansa, takardun haihuwar yara, hotuna, shaidar abin da kuke ci da shi da ta biyan haraji, sai wasiƙa daga gare ki kina neman a ba shi matsayin. A ƙarshe, shaidar aure. A nan nake so ki saurare ni da kyau, domin a nan mutanenmu suke yawan tuntuɓe.

Aurenku da aka ɗaura a zaure ko a masallaci, da waliyyi da shaidu da sadaki, aure ne ingantacce a dokar Najeriya. Babu wanda zai ce ba ku da aure. Matsalar ita ce jami'in da ke zaune a Abuja bai halarci ɗaurin auren ba, bai ci goron ba, takarda kawai yake gani. Mu kuma mun saba da an shafa fatiha an watse, shekara goma ba wanda ya tuna da rubutu. Ku je kotun shari'ar Musulunci ta yankinku tare da waliyyinki, da wakilin ango, da shaidu biyu cikin waɗanda suka halarta, ku nemi takardar shaidar aure. Ku ƙara da takardar rantsuwa a Babbar Kotu. Idan katin gayyata yana nan a ƙasan akwati, ko hotunan biki, ko rubutun limamin da ya ɗaura, a haɗa duka. Kuma kwanan watan da ke kan kowace takarda ya zama ɗaya. Na ga fayil da ya kwana watanni saboda takarda ɗaya ta ce Muhammad, wata ta ce Mohammed, ta uku kuma ta ce Mohamed irin rubutun fasfon Sudan. Rubutun da ke cikin fasfonsa shi za a bi ko'ina.

Wasu za su ce muku ku tafi rajista kawai ku yi auren kotu, takardarsa ta fi ƙarfi. Kada ku yi sai kun zauna da lauya da malami. Auren da aka ƙulla a ƙarƙashin Dokar Aure ta tarayya na mace ɗaya ne. Wanda ya yi shi sannan ya ƙara aure, ko ya yi shi alhali yana da wata matar ta daban, dokar ta tanadar masa ɗaurin da zai iya kai shekara biyar. Rabuwa ma sai a Babbar Kotu, ba saki irin wanda muka sani ba, kuma yana iya jawo gardama ranar rabon gado. Ban san ko Malam yana da iyali a Sudan ba, ke kika sani. Idan har wani jami'i ya nace sai wannan takardar, ku nemi ya rubuta muku, ku kawo a duba.

Yanzu batun wata biyar. Neman matsayin baƙo na musamman yana ɗaukar lokaci, akwai binciken jami'an tsaro a ciki, kuma shigar da buƙata bai tsayar da ranar ƙarewar kati ba. Abu mafi muni da zai same ku shi ne katin ya mutu a hannunsa. Daga ranar ya zama mai zama ba bisa ƙa'ida ba a ƙarƙashin Dokar Shige da Fice ta 2015, ga tara, ga barazanar fitar da shi, ga tabo a fayil ɗinsa da zai biyo shi duk abin da ya nema nan gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku sami shugaban makarantar da mutunci, ku tafi da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ku roƙi su sabunta sau ɗaya tak, ko da ku za ku ɗauki nauyin kuɗin. Idan sun ƙi, Malam ya je ofishin Hukumar Shige da Fice na jiha a Kaduna da ƙafarsa, katinsa na da sauran rai, ya shigar da wasiƙa yana bayyana halin da yake ciki da shaidar cewa ya nemi matsayin, a buga masa hatimin karɓa a kwafinsa. Ya kuma duba fasfonsa: idan ya kusa ƙarewa, ofishin jakadancin Sudan a Abuja ya kamata ya fara zuwa, don babu katin da ake ɗorawa a kan mataccen fasfo.

Idan duk waɗannan suka toshe, akwai mafaka. Tun 15 ga Afrilu 2023 ake yaƙi a Sudan, Najeriya kuma ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 da ta Afirka ta 1969, waɗanda suka hana mayar da mutum inda rayuwarsa ke cikin haɗari. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa ce ke karɓar wannan buƙata. Na ajiye ta a ƙarshe ne saboda tana ɗaure mutum wajen tafiya gida, ko don jana'iza.

Shi kuma mai cewa a ba shi kuɗi, ki rufe masa ƙofa. Shekarun baya wani bawan Allah ya zo ofishina da matarsa, tana goye da jariri. Baƙo ne, ya fi shekara goma sha biyar a garin nan, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Wani dillali ya fito masa da takardar asali, ya ɗauka ya gama. Ranar da ya je neman fasfo aka tambaye shi unguwarsu, ya faɗa. Aka tambaye shi gidan wa, da sunan kakansa, da mai unguwar da zai shaide shi, ya yi shiru. Mutumin da a lokacin ya cancanci neman zama ɗan ƙasa ta hanyar gaskiya, sai ga shi ana tuhumarsa da ba da bayanin ƙarya. Har yanzu ina tuna yadda matar ta riƙa murza bakin mayafinta ba ta ce komai ba. Ki kuma sani, lambar NIN ba shaidar zama ɗan ƙasa ba ce, ana ba baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida. Duk kuɗin da za ku biya, ya shiga asusun gwamnati, a ba ku rasit.

Zama ɗan ƙasa cikakke ma ba abin cire rai ba ne, lokaci yake so. Sashe na 27 ya buƙaci zaman shekara 15 a jere. Tunda a 2014 ya zo, lissafinsa zai cika a 2029. Idan ya taɓa yin doguwar tafiya a tsakani, akwai lissafi na biyu: wata 12 a jere kafin nema, da jimillar shekara 15 a cikin shekaru 20 da suka gabace su. Don haka kada ya yar da tsohon fasfo ko tsohon kati, hatiman da ke ciki su ne shaidunsa. Ana kuma duba halinsa, da amfanin da yake yi wa ƙasa, kuma sai gwamnan jiha ya gamsu cewa mutanen wurin sun karɓe shi, ya saje da su. A nan ne mai unguwa, da hakimi, da limamin masallacinku, da iyayen ɗaliban da ya koyar za su yi masa rana. Da yake shi ɗan Sudan ne na haihuwa, sashe na 28 bai tilasta masa ajiye ƙasarsa ta asali ba.

Akwai tambayar da nake so ki yi masa yau da daddare: su wane ne kakanninsa huɗu, kuma a ina aka haife su? Sudan cike take da jikokin mutanenmu da suka tsaya a hanyar aikin hajji ta ƙasa, da zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno. Sashe na 26 ɗin nan da ya rufe masa ƙofa ta wajen aure, ya buɗe wata ga baligin da aka haifa a waje wanda ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan Najeriya ne, ba tare da jiran shekara 15 ba. Labarin baka kaɗai ba zai isa ba, sai an nuna kakan ɗan ƙasa ne da takarda ko da dangi a nan da za su tsaya. Idan ya ce miki kakarsa Bakatsiniya ce ko kakansa Babarbare, ki rubuta sunan, da garin, da duk wanda ya sani daga danginsu.

A wannan makon ki yi abu biyu: ki kira waliyyinki ku sa ranar zuwa kotu, sannan ki ɗauki hoton kowane shafi na fasfon Malam, gaba da bayan katinsa, ki ajiye kwafi ɗaya a gidanku na Ƙofar Doka. Da su a hannu za ki je wurin lauya.