Amsa ga mai neman bindigar farautar ragon dutse

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da mutanen gida, saƙonka ya same ni a nan Bur Sudan. Ka ce ka tara 'yan kuɗi daga noman riɗi a Gadarif, kana so bana ka bi ni duwatsun Bahar Maliya farautar ragon dutse, kuma ka tambaye ni wace bindiga ce ta fi dacewa ka saya, tsohuwar abu ashara da aka yi maka tayinta da araha, ko kuwa ta zamani mai madubi a kanta. Zan amsa maka, amma sai na bi da kai ta kan sauran kayan tukuna, domin a wannan sana'a bindiga ce abu na ƙarshe da ake saya, kuma ita ce mafi ƙarancin aiki. Mutum yakan yi kwana shida a kan dutse yana aiki da idonsa da ƙafarsa, bindigar kuwa aikinta bai wuce ƙiftawar ido ba, in ma an kai ga harbin ke nan.

Sai ka fara sanin dabbar. Mutanen ƙasar nan suna ce masa kabsh mai, mu kuwa tun kakanninmu da suka san shi a duwatsun Azbin muke kiransa ragon dutse. Ana samunsa daga can har Jabal Uwainat, inda iyakar Sudan da Masar da Libiya suka haɗu, har zuwa waɗannan duwatsu namu na gabas. Ƙasaitaccen namiji yakan haura kilo 100, yana da ƙahoni masu kauri da suka lanƙwasa baya, da doguwar geza da ta zubo daga maƙogwaro zuwa ƙirji har gaban ƙafafu. Launinsa launin dutsen ne sak, ja-ja mai ƙura-ƙura. Yakan daɗe bai sha ruwa ba, don danshin ganye da raɓa suna isarsa, saboda haka dabarar da ka koya a daji ta yi wa dabba kwanton ɓauna a mashaya ba za ta ciyar da kai a nan ba. Yana kiwo da sassafe da kuma yamma liƙis, da rana ya shige inuwar duwatsu ya kwanta. Babban makaminsa shi ne tsayawa cik. In ya ji motsin da bai yarda da shi ba sai ya ƙame, kai kuwa ka zura wa gefen tsaunin ido har ka gaji, ka rantse babu komai a wurin sai duwatsu.

Wannan ɗabi'a ce ta sa nake so kaso mafi tsoka na kuɗinka ya tafi ga madubin hangen nesa, wanda a kasuwa za ka ji ana ce masa munzar. A jikinsa za ka ga lamba biyu, kamar 8x42 ko 10x42. Ta farko tana nuna sau nawa yake kusanto da abu, ta biyu kuwa faɗin gilashin gaba ne a milimita, kuma shi ne ke tara haske a lokacin da gari bai gama wayewa ba, wato daidai lokacin da ragon yake kiwo. Kada mai shago ya ruɗe ka da wanda aka rubuta wa 20, domin duk abin da ya wuce 10 hannu ba ya riƙe shi ba tare da rawa ba, balle hannun wanda ya hau tsauni yana haki. Kafin ka biya, ka fito bakin shagon ka dubi abu mai nisa na tsawon minti biyar. In ka sauke ka ji idonka yana ja ko kanka yana sarawa, to gilasan biyu ba su daidaita ba, ka mayar masa da kayansa. Yadda ake aiki da shi kuma ba a tsaye ba ne. Zama za ka yi tun kafin fitowar rana, ka jingina bayanka da dutse, ka kafa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, ka raba tsaunin da ke gabanka gida-gida kamar yadda ake raba gona kunya-kunya, kana bin kowane gida a hankali. Kada ka nemi rago sukutum. Abin da za ka nema shi ne lanƙwasar ƙaho a bayan dutse, ko kunne da ya motsa, ko wata inuwa da ɗazu babu ita.

Bayan ido sai ƙafa, kuma a nan ina da labarin da har yanzu in na tuna sai na ji kunya. Wata shekara na sayi takalmi sau-ciki a wani shago a kasuwa, mai kyan gani, aka ce mini na sojan waje ne. Ashe tafinsa da gam aka manna, ba ɗinki. A rana ta biyu, muna can saman wani tsauni a arewacin Sinkat, dutsen ya ɗauki zafin da ba a iya dafa shi da tafin hannu, sai na ji ƙafar dama tana yi mini fal-fal. Na duba, na tarar tafin ya ɓare tun daga yatsu har tsakiya, ya buɗe baki kamar kada. Na yage rawanina na ɗaure shi, kaifin duwatsun ya cinye ƙyallen cikin ɗan lokaci, na sake yagowa, haka na yi ta yi har rawanin ya ƙare. Saukar da ba ta fi sa'a biyu ba ta kai mu har bayan isha'i, ɗan rakiyata Bahadandawe, wato ɗan ƙabilar Hadandawa mazauna duwatsun nan, yana gaba sanye da takalmin taya, wanda ake wa laƙabi da tamut takhalli, ko tuntuɓe bai yi ba. Ba ina cewa ka sayi irin nasa ba, don shi a kan dutsen aka haife shi, tafin ƙafarsa ma takalmi ne. Kai naka ya zama mai rufe idon sawu, tafinsa na roba mai kauri da zane mai zurfi, ɗinkakke, kuma da ɗan sarari a gaban yatsu, domin a gangara ne ƙafa take zamewa gaba farce ya mutu. Ka saye shi yanzu ka riƙa zuwa gona da shi har ya saba da ƙafarka, ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace safiya kuma ka kife shi ka kakkaɓe kafin ka zura ƙafa, saboda kunama.

Ruwa shi ke yanke tsawon farauta. Ka ƙiyasta wa kanka aƙalla lita 5 a wuni, ka kuma tuna kowace lita kilo guda ce a gadon bayanka. Raƙuma sukan kai jarkoki zango a gindin dutse, daga nan kowa ya ɗauki nasa. Salka tana sanyaya ruwa saboda tsattsafar da take yi, amma wannan tsattsafar ragi ce, don haka ni nakan bar ta a zango in hau da gorar roba da aka naɗe da tsumma, in cika ta maƙil don kada ruwan ya riƙa kaɗawa yana tona mini asiri. Guzuri bai wuce dabino da gyaɗa da ɗan gishiri ba. Tufafi kuwa ka bar farar jallabiya a gida, ka nemi masu launin ƙasa waɗanda ba sa ƙara in sun gogi ƙaya, ka haɗa da bargo ko rigar sanyi, domin garin Arkawit da ke kan duwatsun ma ya haura mita 1,000 sama da teku, dutsen Jabal Oda kuwa ya wuce 2,200, kuma sanyin asuba a can ba irin na bakin teku ba ne.

Akwai wani kayan aiki da ba a saye, ƙullin toka a tsumma. In ka kaɗa shi sai ƙurar ta nuna maka inda iska ta nufa. Iskar dutse tana da ƙa'ida: da dare da sanyin safiya gangarowa take yi kwari, in rana ta gasa gefen tsauni sai ta juya ta riƙa hawa, da yamma ta sake sauka. Ma'ana, in ka hango rago da hantsi kana ƙasa da shi, ƙanshinka zai riga ka isa. Dole ka zagaya, ko da zagayen zai ci sa'a uku, ka ɓullo masa ta sama, wanda kuma ya dace da halinsa na yawan sa ido ƙasa, inda ya saba ganin haɗari yana fitowa. Kan burtu da maharban ƙasar Hausa suke ɗaurawa su yi sanɗa a fili ba shi da aiki a nan, abin da ke ɓoye ka shi ne kada ka taɓa tsayawa a kan tozon tsauni inda sama za ta zana siffarka.

Kafin bindiga akwai takarda da ɗan rakiya. Ragon dutse ya ragu ƙwarai a ƙasashensa na asali, har IUCN, ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, ta sa shi cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, alhali a Tekzas ta Amurka da Sifen, inda aka kai shi baƙo, ya yaɗu. Dokar kare namun daji ta 1986 ta ɗora farauta a kan izini, kuma 'yan sandan kare namun daji ne ke ba da shi, su faɗi abin da aka yarda a harba da lokacinsa. In sun ce bana an rufe, to mun rufe, sai mu hau da madubi kawai. Ka kuma san tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, saurayi baƙo da bindiga marar takarda a shingen bincike ba tara kaɗai yake jawo wa kansa ba. Duwatsun kuma suna da masu su, Hadandawa da Amarar da Bishariyin, kowane kwari da rijiyarsa da mai ita. Da ɗan gari akan ci gari. Sai an zauna an sha jabana, wato gahawarsu, da dattawansu an nemi yardarsu, su ba ka wanda ya san hanya.

To, ga maganar bindiga. Abu ashara ita ce Lee-Enfield ta Ingila mai harsashi .303, ta samu sunanta ne daga harsashi goma da take ɗauka. Bindiga ce mai jure wahala, kuma ƙarfinta ya isa kashe rago. Aibinta tsufa ne: yawancin waɗanda ke yawo a hannun mutane cikin bututunsu ya cinye, harsashinsu kuma ya kwana shekaru, wani ya ƙi tashi, wani ya yi jinkiri. In ka haska bututun ka ga zanen cikinsa ya shafe, kada ka karɓa ko kyauta ce. Wanda zai sayi sabuwa, mai harsashi .270 Winchester ko .30-06 ta wadatar, da madubi mai sauƙi wanda bai wuce ninki 4 zuwa 6 ba, nauyinta duka kada ya wuce kilo 4, don kai za ka ɗauke ta wuni guda. Irin .270 in an daidaita saitinta a mita 200, faɗuwar harsashinta a mita 300 kamar taƙi guda ce. Sai dai dutse yana da yaudara iri biyu. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to a tsallaken kwazazzabo bai sani ba, abin da ka ɗauka mita 150 ne sai ka taka ka tarar ya kusa ninkawa. Ta biyu, harbi sama ko ƙasa yakan sa harsashi ya faɗa sama da inda aka saita, domin faɗuwarsa tana bin nisan shimfiɗe ne, ba nisan gangara ba. Rago da ke mita 300 a gangara mai digiri 30, a wurin harsashi mita 260 yake. Ni dai ban yarda yarona ya harba fiye da mita 200 ba, kuma sai a kwance, bindiga a kan burgami, bayan numfashi ya dawo.

Abin harbi tsohon namiji ne kaɗai, wanda gindin ƙahoninsa ya yi kauri har suna neman haɗuwa, gezarsa ta sauka gwiwa. Ka kula, tunkiyar ma tana da ƙaho, kuma daga nesa sabon maharbi yakan ruɗe. Tana ɗaukar ciki wajen kwana 160, wanda ya kashe ta a lokacin sanyi sau da yawa rai biyu ya kashe. Ka dubi inda zai faɗi kafin ka taɓa kunamar bindiga, don ragon da ya gangara ramin da ba a iya shiga ya zama rabon ungulu. Ka yi bisimilla yayin harbi, ka nufi bayan kafaɗa, in ka iske shi da sauran rai ka yanka, saboda haka wuƙa mai kaifi da igiya kada su bar jikinka.

Shawarata ita ce bana kada ka sayi bindiga ko ɗaya. Ka sayi madubi da takalmi, ragowar kuɗin ka ba mahaifiyarka ajiya. In an gama yankan riɗi ka biyo motar Kasala ka same ni, za ka riƙe mini gorar ruwa da ƙullin toka, kuma ranar da ka riga ɗan rakiyarmu hango rago kwance sau uku, zan ba ka tawa ka gwada a kan gwangwani a mita 100. Ka gaishe da mahaifinka, ka ce masa ina nan ina jiran man riɗin da ya yi mini alkawari.