Zan ajiye aikin albashi in koma ƙauye karantarwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 12 ina aiki a wani kamfani a Garwa ta ƙasar Kamaru, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Ƙauyenmu, can wajen Gidar, babu mai karantar da yara Alƙur'ani da fiƙihu, abin kuma ya hana ni barci. Abokaina sun ce hauka zan yi, wani dattijo ya ce in tafi kawai, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Wanne zan kama?
Mai karatu, Garwa

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Niyyarka mai kyau ce, maganar dattijon ma gaskiya ce, sai dai bakunan nan biyar a wuyanka Allah ya rataya ciyar da su. Ciyar da iyali wajibi ne a kanka kai kaɗai, karantarwa kuwa farilla ce ta kifaya, wato idan wasu sun yi ta sauka a kan saura. Ka tuna yadda Annabi (SAW) ya yi hijira: an tanadi raƙuma biyu, an ɗauki ɗan jagora Abdullahi bin Uraiƙiɗ da lada, aka kwana uku a kogon Saur kafin a kama hanya. Ka'abu bin Malik ma da ya so ya sadaukar da dukiyarsa kakaf, cewa aka yi ya riƙe wani abu, ya fi masa alheri.

Bayan istihara, fara da uwargida. Ita ce za ta bar famfo ta koma guga, kada ta ji labari a bakin maƙwabta.

Sai ka je ofishin CNPS, hukumar fanshon ma'aikata. Fanshon tsufa yana buƙatar wata 180 na zubi, kai kuwa idan kamfani ya zuba maka duka, 144 gare ka. Saura 36. A buga maka takardar zubinka ka gani da idonka, don wani kamfanin yakan cire a albashi bai kai ba. Ka tambayi yadda ake ci gaba da zubi na ganin dama, da sharaɗin zubin wata 60 cikin shekara goma na ƙarshe kafin fara karɓar fansho. Kada kuma ka ɓace daga aiki. Rubuta takardar ajiye aiki, ka cika wa'adin sanarwa, ka karɓi takardar shaidar aiki.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne alkawarin mutanen gari. Da kaka, rumbu cike, kowa zai ce "Malam, abincinka a kanmu." Agusta na zuwa dawa ta ƙare, su kansu suna neman na tuwo, ga kuɗin makarantar boko a Satumba, ga zazzaɓin damina. Ba mugunta ba ce, babu ce. Don haka a zauna gaban jauro (mai gari) da liman a faɗi buhu nawa, wa zai bayar, a wane wata, a rubuta. Ka nemi gona ko da kwata huɗu ce (hekta ɗaya), ka tafi da abincin shekara guda a buhu, ba a baki ba.

Da shawarata za ka bi, kada ka ajiye aikin bana. Riƙa zuwa Asabar da Lahadi, hutun shekara kuma ka yi shi can, cikin damina, ka ƙirga yaran da za su zo darasu lokacin da ake noma.