Amsa kan aiki da tsawo: misalin guga da rijiya

Ɗan'uwa, ka tambayi ina ƙarfin da ka kashe wajen ɗaga kaya sama yake tafiya. Bai ɓace ba, yana ajiye a jikin kayan.

Ɗauki guga mai lita 10, wato kilo 10 na ruwa, a rijiya mai zurfin mita 15. Ƙasa na jan kowane kilo da ƙarfin niyutan 9.8 (niyutan shi ne ma'aunin ƙarfin ja ko turi). Sai ka ninka: 10 × 9.8 × 15, ka samu jul 1,470 (jul shi ne ma'aunin aiki da makamashi). Aikin da ka yi ke nan, kuma daidai makamashin da gugan ya adana yana bakin rijiya. Igiya ta suɓuce maka, makamashin ya koma gudu, kaɗan daga cikinsa ne ke zama ƙarar da kake ji in ya daki ruwa.

Abin da ke rikita ɗalibai, kuma ina so ka riƙe shi da kyau, tsawo kaɗai ake lissafawa, ba hanya ba. Ka hau bene da buhun gero ta matakala ko a jawo shi da igiya, adadin ɗaya ne. Mai tallan da ke tafe da tire a ka kan shimfiɗaɗɗiyar hanya kuwa tana gajiya ƙwarai, amma tiren bai ƙaru da komai ba, tunda tsawonsa bai canja ba.