Motar ɗaukar manya, daga gidan baya ake zaɓenta

Toh yarona naga saƙonka, kace alhajin nan na unguwarku yana so ya sayi mota ya saka a hayar ɗaukar manyan baƙi da amare, kai zaka riƙa ja, kuma ya bar maka zaɓi tsakanin Benz da BMW da Lexus da sauransu. Naga ma zuciyarka ta riga ta tafi ga BMW saboda ranar da ka gwada ta kaji yadda take amsa totur. Ai nan ne kuskuren farko, kai direba ne, ba dan kai za'a sayi motar ba, wanda ya biya kuɗi a baya yake zaune ɓangaren dama, shi bai san totur ba bai san sitiyari ba, abinda ya sani shine ko gwiwarsa ta taɓa kujerar gaba, ko hularsa ta daki rufi, ko ramin da kuka faɗa ya ji shi a ƙashin bayansa.

Abu na farko da zaka duba shine harafin L ɗin nan da ake liƙawa a bayan but, kamar Benz S500L ko BMW 740Li ko Audi A8 L ko Lexus LS 460 L. Ma'anarsa an ƙara tazara tsakanin tayar gaba da ta baya, kuma ƙarin nan kusan duk a gidan baya yake tafiya, har ƙofar baya ma tafi faɗi. A Benz S-Class samfurin W222 da ya fito 2013 bambancin gajera da doguwa santimita 13 ne, zaka ji kamar ba wani abu bane amma ka saka mutum mai babbar riga ta sha sitati ko hajiya da gwaggwaro da leshi kaga yadda zasu shiga su fita ba tare da sun naɗe jiki kamar tabarma ba. In babu L ɗin nan ni kam bana ma tsayawa ciniki.

S-Class dai ita ce uwa a wannan sana'a, duk duniya in kaje bakin manyan otal ita zaka tarar. Tun samfurin W140 na 1991 suka saka gilashi mai ruɓi biyu dan kada hayaniyar titi ta shigo, sannan daga W220 ta 1998 suka kawo Airmatic, wato maimakon sifirin ƙarfe motar tana zaune ne akan balan-balan na iska da kwamfuresa ke hurawa, shine yasa take lumshewa akan hanya kamar kwale-kwale a ruwan da ba iska. Daɗi kam akwai shi wallahi. Amma ka sani balan-balan roba ne, roba kuma tana tsufa, zafin rana da ƙura irin namu suna ƙara mata saurin tsufa, in ta fara yoyo zaka wayi gari kaga motar ta durƙusa gefe ɗaya, in ka ƙyale kwamfuresa zata yi ta aiki ba hutu har ta ƙone. Dan haka in zaku sayi ta hannu, ka roƙi dillalin a bar ta ta kwana a kashe, da safe ka zo ka duba tsayin kowane kusurwa kafin a tada ta. Wanda ya hana ka wannan gwajin akwai abinda yake ɓoyewa. Ita kuma Maybach, ta ƙarshe a alfarma a gidan Benz, da suka dawo da ita akan S-Class W222, ƙarin santimita 20 take dashi akan doguwar, kujerun baya har kwanciya suke, amma wannan kuɗinta ba na haya irin tamu bane sai dai kamfanonin Abuja da Legas.

Ni da kuɗina ne, kuma da aiki zan saka mota kullum, Lexus LS zan ɗauka. Toyota ce ta fito da ita 1989 musamman dan ta kara da Benz, kuma shirun da ke cikinta har yau abin magana ne, LS 430 ɗin nan mai injin V8, wato silinda 8, da akayi daga 2000 zuwa 2006 zaka tsaya a danja kana tunanin ko injin ya mutu. LS 460 L tafi ta fili, wasu ma suna da kujerar baya mai wajen ɗora ƙafa da tausa. Abinda yasa nake sonta ba ƙawa bane, bakanike na kirki da ya iya Toyota ba zai tsorata da ita ba, bata yawan tada fitilu a dashbod, AC ɗinta kuma yana kai sanyi baya ko a watan Afrilu da rana tsaka. Sai dai kada ka ɗauka kayanta araha ne kamar na Camry, a'a, kayan ƙafarta na gaba suna da kuɗi, wasunsu ma suna da shokozoba ta iska irin ta Benz, ka tambaya kafin ka biya. Kafin ma a sayi kowacce, ka taka zuwa kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka in kana Kaduna ka tambayi kuɗin shokozoba ɗaya da fitilar gaba ɗaya da birki, ka rubuta ka kaiwa alhaji, ya gani da idonsa tun kafin rana ta ɓaci yace kai ka cuce shi.

BMW 7 ɗinka da kake so, mota ce mai kyau ban hana ba, amma an gina ta ne da tunanin mai ita zai tuƙa da kansa, ƙafarta ta ɗan fi tauri, yawanci kuma tana zuwa da taya ranfilat, irin wadda ke iya tafiya ko ta sace, mai taurin gefe wanda ke aika duk wani tsakuwa zuwa gidan baya. In dole sai ita ka ɗauki 740Li mai silinda 6, ka bar 750Li ɗin farko-farko na wajen 2009, V8 ɗinta turbo biyu ne a tsakiyar inji, zafi yana taruwa, an san ta da shan baƙin mai. Audi A8 L ma tana da daɗi sosai a baya amma bodinta alminiyam ne, ranar da ɗan adaidaita ya goge ka ba kowane fanel bita ne zai iya taɓa ta ba.

Maganar limozin mai tsawon nan da ka tambaya, wadda ake gani a bukukuwan Amurka, yawancinsu Lincoln Town Car ce aka yanka gida biyu aka ƙara mata tsakiya, dalili kuwa bodinta akan shasi daban yake zaune irin na a-kori-kura, shi yasa yankan da ɗinkin yake sauƙi. An daina yinta 2011, dan haka duk wadda ka gani ta tsufa. Kuma ka tuna lungunan da ake ɗauko amarya a cikin gari, da tudun rage gudu da kowacce unguwa ta gina nata yadda taga dama, doguwar mota cikinta zai dinga gurzar ƙasa, kwana kuma sai kayi ribas uku. Ka cire ta a ranka. Haka Toyota Century ta Japan da ake ɗaukar manyansu a ciki tun 1967, kujerunta ma na ulu ne ba fata ba, sha'awa kawai zamuyi mata dan kusan duk sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma sitiyarin hagu.

Sai taya, kuma dan Allah ka riƙe wannan. Kada ka yarda a saka maka rim 20 ko 21 da siririyar taya dan tayi kyau a hoto. Na taɓa karɓar wata mota da aka yiwa haka, a hanyar filin jirgi rami ɗaya ya fasa tayar ya lanƙwasa rim, ga baƙo a baya yana duban agogo, ranar naji kunyar da ban taɓa ji ba. Rim 18 da taya mai tsoka shine daɗin zama, shine kuma kwanciyar hankalinka. Baƙar mota tafi kwarjini amma tana jan zafi, dan haka ka tabbatar akwai AC na baya mai nasa makunni da labulen gilashi, but kuma ya ɗauki manyan akwatuna biyu ba tare da an ɗora jaka akan cinyar baƙo ba.

In kuɗin alhaji bai kai waɗannan ba, kada ya sayo tsohuwar S-Class da ta gaji dan suna kawai, gara Lexus ES 350 ko Avalon mai lafiya, baƙo zai sauka yana sa maka albarka.

Gobe bayan sallar asuba ka same ni a gareji, zamuje wajen dillalan tare, ni zan ja kai ka zauna a baya ɓangaren dama, ka saka babbar rigarka ta Juma'a da hula, mu bi ta hanyar da tafi kowacce ramuka da kowacce motar, ka taho da biro da takarda.