Canjin ruwan jini ga mai juna biyu: shin yana taɓa jaririn?

Tambaya: Likita, ƙanwata tana da cikin wata shida, an kwantar da ita asibiti da wata cutar jini da ake kira TTP, an ce za a riƙa canza mata ruwan jini kullum. Mijinta yana ɗari-ɗarin sa hannu don gudun kada a illata abin da ke cikin. Me za ka ce?

Amsa: Allah Ya ba ta lafiya, Malama. Wannan aiki ba wankin ƙoda ba ne, kodayake na'urorin sun yi kama. Ana jan jinin uwa cikin na'ura, ta ware ruwan daga ƙwayoyin jini, a zubar da ruwan, sannan a mayar mata da ƙwayoyinta tare da lafiyayyen ruwan jinin da aka karɓa daga masu ba da gudummawa. Ba a taɓa jinin jaririn ko kaɗan, domin magudanar jininsa daban take da ta mahaifiyarsa.

A cutar TTP jiki kan rasa wani sinadari mai suna ADAMTS13, sai jini ya riƙa daskarewa a ƙananan jijiyoyi, har da na mabiyiya, wadda ta nan jariri ke samun abinci da iska. Idan ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma na masu cutar kan rasu, amma da wannan aiki mafi yawansu na tsira. Saboda haka, a ganina, jinkirin sa hannu ya fi aikin kansa haɗari ga jaririn nesa ba kusa ba.

Abin da likitoci suka fi kiyayewa shi ne faɗuwar ƙarfin bugun jinin uwa ana tsakiyar aiki, domin hakan na rage jinin da ke isa mabiyiya. Shi ya sa ake kwantar da ita ta ɓangaren hagu, ana kuma sauraren bugun zuciyar jaririn. Maganin da ke hana jini daskarewa cikin na'ura yana rage sinadarin kalsiyam, don haka idan ta ji leɓɓanta ko yatsunta suna mata yar-yar, ta faɗa nan take a ƙara mata kalsiyam ɗin. Wani lokaci ana samun ƙaiƙayi ko zazzaɓi.

Ku shirya wa yiwuwar haihuwa kafin wata tara, wadda galibi tsananin cutar ke jawowa. Ku kuma roƙi likitan jini da likitan mata su zauna da mijin yau, su yi masa bayani da bakinsu.