Na Tura Zakkata Ga Gidauniyar Bogi, Shin Ta Sauka Daga Wuyana?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kano. Bara na tura rabin zakkata, haɗe da sadaka, ga wata gidauniya da na gani a Facebook tana nuna hotunan marayu. Ashe 'yan damfara ne. Zan sake fitarwa? Bana wa zan ba? Kuma matasan unguwarmu sun nemi in shiga cikinsu, suna tara wa marasa lafiya kuɗin magani.

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Allah ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa.

Sadakarka dai ladanta na nan, in Allah ya so. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya fita da dare da sadakarsa, ta faɗa hannun ɓarawo, sannan mazinaciya, sannan mawadaci, aka ce masa an karɓa.

Zakka kuwa haƙƙi ce ta mutane takwas da Allah ya lissafa a Suratut Tauba, aya ta 60. Wanda ka ba ya raba maka wakilinka ne, idan ya cinye, talaka bai ga komai ba. Mashhurin mazhabar Malik shi ne wanda ya miƙa zakka ga wanda bai cancanta ba, ko da ya yi iya bincikensa, kuma ta ƙi dawowa, bai sauke nauyi ba. Abu Hanifa ya sassauta wa wanda ya yi bincike. Kai kuwa hoto kaɗai ka gani. Abin da nake gani shi ne ka sake fitar da wannan rabin.

Bana ka fara duba gida. Da aya ta 92 ta Ali Imrana ta sauka, wadda ke kira da a ciyar daga abin da ake so, Abu Ɗalha ya kawo lambunsa Bairuha, mafi soyuwar dukiyarsa, Annabi (SAW) ya ce ya sanya shi cikin danginsa. A hadisin Tirmizi, sadaka ga ɗan'uwa lada biyu ce: ta sadaka da ta zumunci. Ƙanwarka da mijinta ya rasu, ko kawunka da bashi ya danne, halal ne ka ba su zakka. Ban da iyayenka da matarka da ƙananan 'ya'yanka, don ciyar da su dama wajibinka ne. Bayan dangi sai maƙwabta. Malamanmu sun ce a raba zakka inda ta wajaba, kada a kai ta nisan da ake ƙasaru sai in can sun fi buƙata.

Ba na hana ka ba gidauniya, akwai masu amana da ke kaiwa inda ƙafarka ba za ta je ba. Amma ka san shugabanninta da sunayensu, ka tambayi liman ko mai unguwar wurin, ka taka ka gani. Rajistar CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, alama ce, ba ta kai shaidar amana ba. Asusun da ke ɗauke da sunan mutum ɗaya abin tsoro ne. Ka tambaye su ko suna ware zakka daban, domin ba a gina masallaci da ita, kuma maraya ba ya cinta sai in matalauci ne. Rijiya da masallaci na sadaka da waƙafi ne, kamar yadda Usman ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya mayar da ita waƙafi.

Wani abu yana ci mini rai: a tsayar da bazawara riƙe da mudun shinkafa ana ɗaukarta hoto, duniya na kallo. Allah ya ce a Baƙara, aya ta 264, kada mu ɓata sadaka da gori da cutarwa. Gidauniyar da ba ta suturta talaka, ni ba zan ba ta ba.

Matasan nan kuwa ka shiga cikinsu. Annabi (SAW) ya ƙirga ma'aji mai amana, wanda ke miƙa abin da aka umarce shi cikakke da daɗin rai, cikin masu sadakar. Ku rubuta duk abin da ya shigo da wanda ya fita, mutum biyu su sa hannu, ku biya kuɗin magani kai tsaye a asibiti. Kuɗin mota ma kada ku cira sai masu bayarwa sun sani.

Allah shi ne mafi sani.